Kafin In Kwanto Jar Saniya Daga Gadaka

Dogo Nini, Potiskum.

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina roƙon Allah Ya sa ka buɗe wannan takarda kana zaune a Kano lafiya lau, Ya tsare ka daga sharrin ƙarfe da sharrin hanya, da sharrin abokin da dariyarsa ba ta wuce haƙora. Ƙannenka duk suna gaishe ka.

Sunan mahaifina ka ci, kuma kai ne na fari, saboda haka bakina bai saba doguwar magana da kai ba. Ni da nake wuni ina surutu a kasuwar shanu har muryata ta dishe, in na zo gabanka sai in ga ban wuce "Allah Ya yi albarka" ba. Shi ya sa na tura takardar nan ƙasan jakarka. Ka karanta ta a zaune, kada ka karanta ta a tsaye.

Ka ce in sayar da jar saniyar da mahaifiyarka, Allah Ya jiƙanta, ta bar maka a hannun kawunka Jauro a Gadaka, in aika maka da kuɗin ka sayi sabuwar na'urar gem ɗin nan mai cin faifai, ka kama rumfa a Kano yara su riƙa biya suna bugawa. Na yi shiru, kai kuma ka ɗauka na ƙi. Sai ga shi na ji a kara, kasuwar shanunmu, cewa ka je ka sami Wakil dillali a ɓoye, ka ce in na ja ƙafa shi ya sayar maka. Ka manta a kara ko akuya ce ta yi tari sai labari ya zo mini. Ban ji haushi ba. Amma tunda abin ya kai nan, bari in gaya maka abin da na sani game da mutanen da kake shirin miƙa wa saniyar.

Da farko ka san wanda ke maka magana. Ni ba waliyyi ba ne, dillali ne tun kafin a haife ka. Na san yadda ake ba ramammen sa kanwa ya yi ta shan ruwa, gari ya waye cikinsa ya yi tum kamar ganga. Na san yadda ake tsayar da mai ɗingishi a cikin yashi don kada a ga sawunta. Na san yadda ake kankare ƙaho a shafa masa mai, tsohuwa ta koma karsana. To idan mutum irina ya ce maka ga wasu sun fi ƙarfinsa, ka saurara.

A kara ko cuta tana da iyaka. In saniya ta fito ta sata ce, wuyan dillali ake kamawa. In ta faɗi ta mutu kafin a fita da ita gari, ana zama a gaban manya a raba asara. Wanda na yi wa wayo ya san ƙofar gidana, ya san masallacin da nake salla, ya san surukina. Dole in bar masa abin da gobe zai iya amsa sallamata. Na ɗauka ko'ina haka ciniki yake, kuma wannan zaton ne ya cinye ni.

Shekarar da aka ba mu jiha na je Kano wata hidima, na ratsa ta Sabon Gari, na ga wata 'yar rumfa yara sun yi layi har titi, kowa da kuɗinsa a dunƙule. Talabijin ɗaya, wani ɗan akwati, da hannaye biyu masu igiya. Na tsaya ina kallo, kaina na dillali yana aiki. Na ce ga saniyar da ake tatsa safe da yamma, ba ta cin dusa, ba ta ciwon huhu, ba ta shiga gonar kowa. Na dawo gida na sayar da bijimai biyun da na gada daga kakanka, na koma.

Mai shagon da na saya a wurinsa wani ɗan kudu ne, Oga Sande, Hausa a bakinsa kamar ɗan Fagge, kuma duk mai hula Alhaji ne a wurinsa. Ya ajiye mini na'ura biyu, ya ce wannan jabu ce, wannan kuma ta asali ce daga kamfani. Ni da ba na son a raina ni na ce ta asali. Na duba ta yadda na iya duba dabba. Na ɗaga na ji nauyi, na ƙwanƙwasa, na shinshina, na leƙa bakinta. A cikin kwalin akwai takardar garanti har da hatimi. Na yi firamare, na ɗan taɓa sakandare, na karanta manyan haruffan na ga an ce in ta lalace za a gyara. Na ce to, ga dillali ga shaida.

Da na iso gida haƙoran adaftar da ke kai mata wuta suka ƙi shiga soket ɗinmu. Ko saniya in ta turje a bakin ƙofa akan tsaya a duba dalili, amma ni sai na sayo wani ɗan kai na haɗa, na cusa. Ta yi ƙara ɗaya, hayaƙi ya tashi, ɗakin ya ɗauki wari kamar ana babbake ƙafar sa. Ashe don wata ƙasa aka yi ta, inda ƙarfin wutarsu rabin na tamu ne. An rubuta, ban ce ba a rubuta ba, amma a ƙarƙashin adaftar, da haruffa kamar ƙwan kwarkwata.

Na ɗauki kwalina na koma Kano da takardar garanti a aljihun gaba. Oga Sande bai yi mini musu ba. Ya sa yatsa a can ƙasan takardar ya nuna mini inda aka ce alkawarin ba ya aiki sai a ƙasar da aka yi niyyar sayar da ita. Na ce to a nuna mini wakilinsu, ko a Legas yake zan je. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Alhaji, mutanen da suka ƙera wannan abu ba su san da Najeriya ba, balle Potiskum. Ni ma in ta mutu a hannuna, kwali nake runguma."

Rabin laifin nawa ne, na yarda. Amma ka riƙe wannan, kada ka sayi abin da ba shi da wuyan da za ka kama. Takarda mai hatimi ba dillali ba ce, ba ta jin kunya, ba ta zuwa jana'iza. In mai shago ya ce maka akwai garanti, ka ce ya nuna maka ƙofar da ake ƙwanƙwasawa, ka je ka ga akwai mutum a bayanta.

Da mai hankali ne da nan ya tsaya. Amma ɗan kasuwa in ya faɗi ba gida yake tafiya ba, ƙarawa yake yi don kada a ce ya faɗi. Na sayi wata, na haɗa da ɗan taransifoma mai rage wuta, na kama shagon nan na bakin titi da ka sani. Ka tuna bencin, da janaretan da sai an yi masa addu'a kafin ya tashi. Abin ya karɓu, ba zan ɓoye ba. Yara har daga unguwar Dogo Tebo suke takowa.

A nan na fara gane inda aka ɗana tarkon. Na'urar ba ta da tsada sosai, kaset ɗinta ne ke yanka. Kowane ɗaya sai ka ba da abin da zai sayi tunkiya, yara kuma mako kaɗan sun haddace shi sun gaji, suna tambayar sabo. Kamar mutum ya sallama maka saniya da araha ne, sai ka kai ta gida ka tarar ba ta cin dusar kowa sai ta shagonsa. Duk ribar da ta shigo, Kano take komawa. A hankali na tara kaset cike da buhu, ina kallonsa ina jin daɗi, ina cewa wannan garke ne.

Sai kamfanin ya fito da sabuwar na'ura, mai hoto mai kyau. Wani ya kawo ta garin, yaran nan da nake ba ruwan sanyi kyauta suka watse a mako guda. Na ce ba komai. A sanina kaset kaset ne. Na wa'azi da na waƙa duk rediyo ɗaya ke ci, na bidiyo ma kowane bidiyo ya samu haɗiyewa yake yi. Balle wannan kamfani ɗaya ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Sai na yi abin da na ɗauka wayo ne. Akwai wani malamin firamare, Malam Maina, da ya daɗe yana son na'ura don 'ya'yansa. Na sayar masa da tsohuwar da kaset ɗaya tak, na riƙe buhun, ina dariya a ciki cewa na ba shi igiya na riƙe shanu.

Na kawo sabuwa, na zaro kaset daga buhu, ya ƙi shiga. Bakinta daban ne. Na juya shi, na tura, na sa yawu. Har ƙarfen goge ƙaho na ɗauko na fara cin gefensa, sai Malam Ari mai gyaran rediyo ya riƙe hannuna ya ce ko ya shiga ba za ta karanta ba, da gangan aka yi haka. Ban yarda ba sai da na lalata guda biyu.

Haka na saɓi buhu na tafi gidan Malam Maina, tunda duk garin shi kaɗai ke da abin da zai ci su. Ya shimfiɗa mini tabarma, ya sa aka kawo ruwa, ya yi mini tayin da ko buhun ƙaiƙayi ba a yi wa. Na ce albarka. Ya ce, "To Malam Garba, ka mayar da su gida ka ba su dusa, wataƙila su haihu." Na sallama masa a wurin.

Babana, bijimin Gadaka yana hawan saniyar Borno ta haihu, don Wanda Ya halicce su ba Ya neman ka dawo shagonSa. Waɗannan kuwa sun zauna ne sun shirya yadda abin da ka saya jiya zai zama shara gobe, ba don ya lalace ba, don sun ga dama. Kasetocin nan lafiyarsu ƙalau. Idan za ka sayi kowace irin na'ura, kada ka tsaya a kan kuɗinta. Ka tambayi me take ci, wa ke sayar da abincin, kuma yaushe zai daina sayarwa. Tambaya ta ukun ba mai ba ka amsarta, kuma ita ce mai kisa.

Sannan ga gyara. Hannayen gem a hannun yaran Potiskum ba sa daɗewa, ka fi ni sani, kai ma ka karya naka rabon. Na'urar kanta da ta fara ɗauke hoto na kai wa Malam Ari. Mutumin nan rediyon da mota ta taka yana tayar da shi. Ya juya ta ya tarar an ɗaure ta da wasu ƙusoshi masu kai kamar fure, duk sukudirebobinsa babu mai kama su. Da ƙyar ya narka bakin biro ya manna ya kwance. Ya gano abin da ya ƙone, ɗan mitsitsi ne, amma babu shi a Kano, babu shi a Legas, kamfanin ba ya sayar wa kowa. Ka biya kuɗinka, abu ya zama naka, amma an kulle shi an tafi da mabuɗin wata ƙasa. Ni a sanina in na sallama maka sa, ko yanka shi za ka yi a gabana ba ruwana.

Abin da zai ba ka dariya, in akwai sauran dariya, jabun nan da na raina ta fi ta asali mutunci. Daga baya na saye ta don ta riƙe mini shago. Tana shan wutarmu yadda ta zo, kowane sukudireba yana buɗe ta, in ta lalace Malam Ari ya ciro kayan tsohon rediyo ya sa mata. Ƙaryarta ma irin tamu ce. Kaset ɗinta an rubuta wasa ɗari-ɗari a jiki, ka kunna ka tarar 'yan ƙalilan ne aka yi ta canza musu riga. Wannan kanwa ce da ruwa, na gane ta, har na ji kamar ɗan'uwana ne ya yi. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wadda ta ba ni ciwo ita ce wadda aka sayar mini a matsayin tulu.

Na taɓa faɗa wa Oga Sande haka, ya ce in yi adalci. Ya ce mutanen nan suna kashe dukiya da shekaru kafin su fitar da wasa ɗaya, masu jabu su kwafe shi a mako, dole su yi ta sauya ƙofa da mabuɗi. Na ce na ji. Kuma ba zan ce kayansu ba daɗi ba. Ni da furfurata na sha rufe shago da rana in zauna ina buga ƙwallon nan har la'asar ta kusa kuɓuce mini. Sun iya aiki. Amma in ɓarawo ya dame ka, sai ka ɗaure wanda ya shigo ta ƙofa ya biya? Ɓarawon yana can yana cin kasuwarsa. Ni da na ce a ba ni ta asali, ni aka ɗaure. Ko a ƙasashensu suna yi wa nasu adalci, ban sani ba, ban je ba. Mu dai nan ba ma cikin lissafinsu. Kuɗinmu yana isa wurinsu, kukanmu ba ya isa.

Kuskurena mafi girma ba a Kano na yi shi ba, a gida na yi shi. Dillali ba ya nuna asara, don ranar da aka ga ka faɗi ranar ake daina ba ka igiya. Sai na shigo da wannan hali har cikin gidana. Kai abin da ka gani shi ne layin yara, da kai a kan benci kana cinye kowa ana yi maka kirari. Ranar da na rufe shagon na ce muku tsadar man janareta ce, da iyayen yara da suka kai ƙarata wurin mai unguwa. Duk an yi, amma ba su suka rufe shi ba. Bijiman kakanka ne suka shiga ta ƙofar nan, abin da ya fito shi ne talabijin ɗin da ke ɗakina da taransifoman da muke tokare ƙofa da shi. Da na faɗa maka tun lokacin, da wataƙila yau ba ka je wurin Wakil ba. In Allah Ya ba ka 'ya'ya, ka bar su su ga ranar da ka faɗi. Abin da ka ɓoye musu shi za su je su saya da kuɗinsu.

Na san abin da za ka ce. Za ka ce wannan mai faifan daban ce, zamani ya wuce na kaset, faifai yana da araha. Ni ma da bakina na ce sabuwar daban ce. Na yi tambaya a kanta wurin direbobin da ke zuwa Legas, har na aika wa Oga Sande. Hannu ɗaya take zuwa da shi, na biyu sai ka saya. Ɗan katin da ke riƙe inda ka tsaya a wasa, shi ma sai ka saya. Faifan wata ƙasa ba ya yi a na'urar wata ƙasa sai an farke ta an yi mata dabara. Tana da wani ido a ciki mai karanta faifan, in ya gaji sai ka ga masu shago sun kifa ta a kan bayanta kamar kunkuru suna lallashi. Kuma ina tabbatar maka, yanzu haka da kake karanta takardar nan, wadda za ta kashe ta tana kan teburin wani. Ba sai an gaya mini ba.

Ita kuwa jar saniya ciki gare ta. Kawunka ya aiko mini, ya ce kafin ruwa ya sauka za ta haihu in Allah Ya so. Wakil ba zai gaya maka ba, don shi nauyi kawai yake gani. Masu lodin tirela zai sallama wa, kafin mako ya zagayo an rataye ta a kudu ita da abin da ke cikinta. Mahaifiyarka tun tana maraƙa take ba ta gishiri a tafin hannu.

Ina rubuta duk wannan ne ba don ina zaton za ka fasa ba. Na ga idonka ranar da kake mini bayanin na'urar, idon da na dawo da shi daga Sabon Gari ne. Kakanka ba ya raye lokacin da zai hana ni, kuma da yana raye ma da ban ji ba. Saniya taka ce, shari'a ta ba ka, ba zan riƙe maka haƙƙi ba, ba kuma zan yi maka baki ba. Abu ɗaya na hana, Wakil ba zai taɓa igiyarta ba. In sai an sayar, ni zan sayar. Akwai wani makiyayi da na sani wajen Fika mai neman ta kiwo. Ba zai biya abin da 'yan tirela za su biya ba, za ka ga kuɗin sun gaza abin da ka sa rai, kada ka ce an cuce ka. La'adata na yafe.

Na aika wa kawunka ya taho da ita kasuwar Laraba. Ya mayar mini da ɗan aiken, ya ce shi ba zai kora ta ba, wanda zai rabu da ita ya zo ya kwance ta da hannunsa. Ya yi gaskiya. Saboda haka wannan Larabar zan bar ta ta wuce. Direban da ya kai ka yana juyowa kafin Laraba ta gaba. In ya zo mini da kalma ɗaya daga gare ka, ko "bari" ce kawai, ta ishe ni, ba zan tambaye ka dalili ba, kuma ba wanda zai ji a kara. In ya zo hannu sake, ranar Talata zan hau mota zuwa Gadaka in kwanto ta da kaina. Na riga na gaya wa makiyayin ya zauna da shiri, don na san ɗan da na haifa.

Ka riƙe salla. Ka gaida maigidan da ka sauka a wurinsa, ka ci abin da aka ba ka, kada ka nuna wa mutanen Kano inda kake ajiye kuɗi. Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya kare ka daga cinikin da ba shi da fuska. Allah Ya sa ni ne na yi kuskure a wannan karon, ka dawo ka yi mini dariya a ƙofar gida. In kuma ba haka ba, ka dawo dai. Ɗakinka yana nan, ba sai ka shigo da komai a hannu ba.

Wassalam.

Mahaifinka,
Garba Dillali.